Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu rubuta tarihi da Hausa: ku ba da labarin Saje William Carney daidai

Zuwa ga editoci, masu fassara, da masu shirya shirye-shiryen tarihi da Hausa a rediyo da intanet.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan mutum ɗaya, Saje William Harvey Carney, baƙar fata ɗan Amurka da ya yi yaƙin basasar ƙasarsu, aka kuma ba shi lambar jarumta mafi daraja a sojan Amurka, wadda suke kira Medal of Honor. Duk watan Fabrairu, wanda Amurkawa suka keɓe don tuna tarihin baƙar fata, gajeren labarinsa yakan bazu a intanet da Turanci: an haife shi bawa, ya ceci tuta a fagen fama, shi ne baƙar fata na farko da ya karɓi lambar. Layi uku ke nan, kuma na ukun kuskure ne. Muna roƙon ku kawo wa masu jin Hausa labarin nan, domin ya cancanta, amma kada ku kwaso layukan nan ku juye su yadda suke. Ga abin da ya kamata ya shiga, ga kuma wuraren da ake yin tuntuɓe.

Tun daga jimlar farko ku faɗi wane yaƙi ake nufi, don Bahaushe in ya ji "yaƙin basasa" hankalinsa Biyafara yake tafiya. Wannan na Amurka ne, daga 1861 zuwa 1865, tsakanin gwamnatin tarayya ta Shugaba Abraham Lincoln da jihohin kudu 11 da suka ɓalle don su ci gaba da riƙe bayi. Baƙar fata kimanin 180,000 suka shiga sojan ƙasa na tarayya kafin a gama, kusan kashi 10 cikin 100 na rundunar.

An haifi Carney ranar 29 ga Fabrairu 1840 a Norfolk, jihar Virginia. Dokar jihar ta 1831 ta haramta tara baƙar fata don koya musu karatu da rubutu, saboda haka a ɓoye ya koya, yana ɗan shekara 14, a wata makaranta da wani fasto yake gudanarwa. Ya yi aikin jiragen ruwa na gaɓar teku tare da mahaifinsa. Daga baya iyalin suka zauna a New Bedford ta jihar Massachusetts, garin masu farautar kifin whale, inda bayi da yawa da suka tsere suka sami mafaka, har da Frederick Douglass, fitaccen mai fafutukar kawar da bauta, a 1838. Burin Carney a lokacin shi ne ya zama malamin coci. Shi da kansa ya rubuta haka a wata wasiƙa ta 1863, ya ce da aka buɗe ƙofar soja sai ya ga hanyar da zai fi bauta wa Allah ita ce ya yi wa ƙasarsa da 'yan'uwansa da ake zalunta aiki.

Ƙofar ta buɗu ne da shelar 'yanta bayi ta 1 ga Janairu 1863. Gwamnan Massachusetts, John Andrew, ya sami izinin kafa Runduna ta 54, mai mutum kimanin 1,000, aka horar da su a Readville kusa da Boston, suka yi fareti a cikin birnin ranar 28 ga Mayu 1863 suka hau jirgi zuwa kudu. Carney yana Kamfanin C da muƙamin saje. Kada ku rubuta kamar ƙaramin muƙami ne: a lokacin duk hafsoshin rundunar farare ne, tun daga Kanar Robert Gould Shaw mai shekara 25 har ƙasa, kuma igiyar saje ce iyakar abin da baƙar fata zai iya kaiwa. Kada kuma ku ce rundunar ta bayin da suka gudo daga gonakin auduga ce. Yawancinsu 'yantattu ne mazauna jihohin arewa, masu sana'a, da yawa sun iya karatu, har da 'ya'yan Douglass biyu, Lewis da Charles. Wani fim na 1989 ne ya dasa wa mutane wancan hoton, kuma ko sunan Carney babu a cikin taurarin labarinsa.

Akwai haɗarin da fararen sojoji ba su ɗauka ba. A watan Mayu 1863 majalisar 'yan aware, wato jihohin kudun da suka ɓalle, ta zartar cewa baƙar fatan da aka kama da makami ba fursunan yaƙi ba ne, za a miƙa shi ga hukumomin jiha su hukunta shi da dokar tawayen bayi, fararen hafsoshinsu kuma suna iya fuskantar kisa. Da sanin haka suka tafi.

Yanzu ga daren 18 ga Yuli 1863, kuma a nan muke so ku daɗe, domin mai sauraro ba zai gane girman abin da Carney ya yi ba sai ya ga wurin. Fort Wagner sansani ne a tsibirin Morris, yana tsare hanyar shiga tashar jiragen ruwa ta Charleston a South Carolina. Da rairayi da gungumen wani itace dangin dabino aka gina shi, ba da dutse ba. A gabansa akwai gwalalo mai ruwa, a cikinsa akwai babban ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ke ɗaukar ɗaruruwan mutane. Sojojin aware sama da 1,600 ne a ciki ƙarƙashin Janar William Taliaferro. An riga an kai masa hari ranar 11 ga Yuli aka sha kashi. Ran 18, igwogin ƙasa da jiragen yaƙi suka wuni suna zuba masa dubban harsasai, har kwamandan sojojin tarayya, Janar Quincy Gillmore, da hafsoshinsa suka ɗauka an ragargaza shi. Kuskuren farko ke nan. Rairayi haɗiye harsashin igwa yake yi, ba ya tarwatsewa kamar bangon bulo, masu tsaron kuma suna kwance a ɗakinsu. Waɗanda ruwan wutar nan ya kashe ba su kai 10 ba. Da aka tsagaita wuta da magariba, sai suka fito suka koma bakin igwoginsu.

Kuskure na biyu shi ne hanyar. Ta kudu kaɗai ake iya tunkarar sansanin, ta wani zirin rairayi, teku a dama, fadama a hagu. Da aka matso sai zirin ya tsuke, sahu ya cakuɗe, mutanen gefen dama suka shiga ruwa har gwiwa. Yawancin igwogin da ke cikin sansanin an saita su a kan wannan mashigi. Na uku kuwa rashin shiri ne, kuma Kyaftin Luis Emilio, wanda shugabancin rundunar ya faɗo wa a daren bayan an kashe ko an raunata manyansa, ya zayyana shi daga baya: ba a tanadi abin cike gwalalo ba, ba abin sare shinge, ba injiniyoyi ko 'yan jagora, ba masu lalata igwogin da za a kama, ko taswirar sansanin ba a nuna wa hafsoshin kamfanoni ba. Su kuma mutanen Runduna ta 54 sun yi kwana biyu suna tafiya cikin ruwan sama da taɓo daga tsibirin James, inda suka gwabza ran 16, ba barci ba abincin kirki. An sa su a gaba, mutum kimanin 600, da banati a bakin bindiga. Bindigogin ta baki ake ɗura su kamar adakar maharba, gwani ma harbi uku yake yi a minti ɗaya, kuma an ce su ɗura amma kada su sa ɗan murfin tagullar da ke tayar da wutar, don kada wani ya tsaya harbi a hanya. Saura kimanin yadi 200 aka buɗe musu wuta.

Matsalar da za ku fuskanta wajen mai sauraro na yau ita ce tambayar nan: don me mutum zai sayar da ransa saboda ƙyalle? In ba ku amsa ba, Carney zai fito kamar mai ganganci. A yaƙin wancan zamani babu oba-oba. Baƙin albarushi yana tayar da hayaƙi mai kauri, ƙarar igwa tana haɗiye muryar hafsa. Tutar ce kaɗai ke gaya wa soja inda rundunarsa take: in ta yi gaba ya bi, in sahu ya watse a gindinta ake sake taruwa. Shi ya sa aka yi ta da girma, siliki mai ƙafa 6 da rabi a tsawo da ƙafa 6 a faɗi, a kan sanda mai kusan ƙafa 10. Mai ɗaukar ta hannunsa biyu a kanta suke, ba ya harbi, kuma shi abokan gaba suke fara nema, don in ta faɗi runduna ta makance. Ga Runduna ta 54 akwai ƙarin nauyi. Jaridu da 'yan siyasa da yawa a arewacin Amurkar kanta suna cewa baƙar fata ba zai tsaya a gaban wuta ba. Da tutar ta faɗa hannun 'yan aware, da hujjar da suke nema ke nan.

Tuta biyu rundunar ta shiga da su, ta ƙasa da ta jihar Massachusetts, kuma sau da yawa ana cakuɗa su. Ta jihar an yage ta daga sandarta a bakin ganuwa, ƙyallen ya tafi hannun abokan gaba, sandar ta dawo. Ta ƙasar ce Carney ya ceta. Da aka harbi sajen da ke ɗauke da ita, Carney ya yar da bindigarsa ya cafe ta, ya ratsa gwalalon, ya hau jikin ganuwar ya kafa ta, ya durƙusa yana riƙe da ita. An kashe Kanar Shaw a saman ganuwar. Da harin ya karye, Carney ya naɗe tutar a sanda ya juyo da ita cikin ruwan harsashi, da rauni a jikinsa. Wani sojan wata rundunar New York da ya taimaka masa a hanya ya nemi ya karɓar masa, ya ƙi, ya ce sai ɗan 54 ne zai ɗauke ta. Da ya isa wurin 'yan'uwansa ya ce musu aikinsa kawai ya yi, tsohuwar tutar ba ta taɓa ƙasa ba. Ruwayoyi sun ɗan sha bamban a kalmomin, saboda haka ku kawo ma'anar, kada ku ƙawata ta. Haka ma raunukan. Takardar yabo ta gwamnati cewa ta yi an yi masa mummunan rauni sau biyu. In za ku kawo adadin da ya wuce haka, ku faɗi wanda ya ruwaito.

Alƙaluman daren su ma wurin zamewa ne. Runduna ta 54 ta yi asarar mutum 272 daga cikin kimanin 600. Wannan jimillar waɗanda aka kashe ce da masu rauni da waɗanda aka kama ko suka ɓace, ba gawa 272 ba. Ba su kaɗai suka kai harin ba, akwai rundunonin farare a bayansu, kuma asarar ɓangaren tarayya gaba ɗaya ta kai 1,515, ta 'yan aware 174. An binne Shaw a rami ɗaya da sojojinsa da nufin wulaƙanci, mahaifinsa kuma ya hana a tono shi, ya ce wurin ya dace da shi. Za ku kuma ci karo da maganar cewa ba a taɓa cin sansanin ba. Ba a ci shi da farmaki ba, gaskiya ne, amma bayan an yi makonni ana haƙa ramuka ana matsowa, 'yan aware sun fice a daren 6 zuwa 7 ga Satumba 1863, sojojin tarayya suka shiga.

Abin da gajerun labaran suke tsallakewa, wanda mu a ganinmu bai gaza daren tutar nauyi ba, shi ne albashi. An ɗauke su ne bisa alkawarin daidai da kowa: dala 13 a wata ga farabiti, da kuɗin tufafi daban. Da lokacin biya ya zo sai Ma'aikatar Yaƙi ta dogara da wata doka ta 1862 ta ce dala 10 ne, a cire 3 na tufafi, saura 7, kuma ba ruwanta da muƙami. Farin saje yana karɓar 17, Saje Carney an miƙo masa 7. Rundunar ta ƙi karɓa. Majalisar Massachusetts ta ce za ta cike giɓin daga aljihun jiha, suka sake ƙi, domin ba sadaka suke nema ba, so suke gwamnatin tarayya ta amsa cewa su sojoji ne. Wata 18 suka yi suna yaƙi ba ko sisi, iyalansu suna fama a gida. Sai a Yuni 1864 majalisar tarayya ta daidaita albashin, aka biya su bashinsu a Satumba. Ke nan a daren da Carney yake riƙe da tutar, ƙasar mai tutar tana riƙe da haƙƙinsa. (Kada ku juya dalolin nan zuwa naira ko sefa da canjin yau, ba zai ba da ma'ana ba. Ku bar 7 kusa da 17, mai sauraro zai gane.)

An sallami Carney a watan Yuni 1864 saboda raunukansa. Ya auri Susannah Williams a 1865, suka haifi 'ya ɗaya, Clara, wadda ta zama malamar kiɗa. Ya ɗan zauna a California, ya dawo New Bedford, ya kama aikin raba wasiƙu na gidan waya, ya yi shekara 32 yana zaga unguwanni da jaka. Yana cikin waɗanda suka kafa reshen ƙungiyar masu raba wasiƙu na garin a 1890. Ranar 31 ga Mayu 1897, da aka buɗe gunkin tunawa da Shaw da rundunarsa a Boston, aikin Augustus Saint-Gaudens, Carney yana wurin da tutar, Booker T. Washington, fitaccen malami kuma jagoran baƙar fata a lokacin, kuma ya ambace shi a jawabinsa jama'a suka tashi tsaye. Sunayen fararen hafsoshin da suka mutu suna jikin dutsen tun farko. Na baƙar fatan sai a farkon shekarun 1980 aka ƙara.

Sai batun lambar. An ba shi ranar 23 ga Mayu 1900, kusan shekara 37 bayan daren Wagner, yana da shekara 60. Kafin nan wasu baƙar fata sun riga sun karɓa. Robert Blake, sojan ruwa a jirgin Marblehead, ya yi nasa aikin ranar 25 ga Disamba 1863, ya sami lambar a 1864. Baƙar fata 14 suka same ta saboda gumurzun New Market Heights na 29 ga Satumba 1864, cikinsu har da Christian Fleetwood, yawancinsu kuma tun a 1865. Jimlar da take daidai ita ce: aikin jarumtar Carney shi ne mafi daɗewa a kwanan wata cikin ayyukan da aka ba baƙar fata lambar saboda su. Ta fi tsawo, amma ita ce gaskiya. Duk lokacin da za ku rubuta a kan wani mai lambar yabo, ku ware kwanan wata biyu, ranar aiki da ranar bayarwa, kuskuren nan ba zai same ku ba.

Jinkirin kuma ku bi shi a hankali. Abu mai sauƙi ne a ce wariyar launin fata ce kawai, kuma wariyar tana nan, labarin albashi ya ishe mu shaida. Sai dai fiye da rabin lambobin yaƙin basasa, waɗanda jimillarsu ta ɗara 1,500, an ba da su ne bayan shekara 20 ko fiye, ga farare ma. Lambar sabuwa ce a lokacin yaƙin, a 1861 aka ƙirƙiro ta don sojan ruwa, 1862 don sojan ƙasa, hafsoshi da yawa ba su ma saba neman ta wa mutanensu ba. A shekarun 1890 tsoffin sojoji suka yi ta aiko da buƙata, har a 1897 Ma'aikatar Yaƙi ta tsaurara sharuɗɗa: mutum ba zai nema wa kansa ba, kuma sai da rantsuwar shaidun da suka gani da ido. Ta wannan matsattsiyar ƙofa Carney ya wuce, Fleetwood kuma yana cikin waɗanda suka tsaya masa. Wannan ƙarin daraja ne gare shi. Da aka kafa kwamitin janar-janar ya sake duba tsoffin lambobi, a 1917 an soke 911, cikinsu 864 na wata runduna guda daga jihar Maine da aka raba wa lambar don kawai a lallashe su su ƙara kwanaki a bakin aiki. Ta Carney ba a taɓa ta ba.

Daga 1901 ya koma masinja a ginin majalisar jiha a Boston. A can lif ya matse masa ƙafa, ya rasu ranar 9 ga Disamba 1908 yana da shekara 68, aka sassauto da tutocin ginin zuwa rabin sanda. Kabarinsa yana maƙabartar Oak Grove a New Bedford, akwai kuma makarantar firamare mai sunansa a garin. Hotunansa biyu suka fi yawo: ɗaya yana saurayi da kaki, tuta a hannu ɗaya, sandar dogarawa a ɗayan, ɗayan kuma yana dattijo da kwat da lamba a ƙirji. Kada a sa na dattijon a rubuta 1863 a ƙasansa.

Akwai zare ɗaya da ya haɗa labarin nan da ƙasarmu, kuma mun san in kun gano shi za ku so ku ja shi fiye da ƙarfinsa. Mutanen da suka zo shiga Runduna ta 54 sun yi yawa, sai aka kafa ƙanwarta, Runduna ta 55, a sansani ɗaya. A cikinta akwai Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa, ɗan Barka Gana, ɗaya daga manyan mayaƙan Shehun Borno Al-Kanemi. An sace shi yana yaro, aka bi da shi ta Katsina da Kano da Damagaram, aka ƙetara Sahara zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, ya zaga Turai, ya isa Amurka ya koyar a Detroit, ya shiga soja a 1863 har ya kai saje. Ku ba shi shirinsa na kansa, ya isa. Amma kada ku kai shi bakin ganuwar Wagner ran 18 ga Yuli, domin rundunarsa ba ta iso yankin Charleston ba sai bayan harin, aikin haƙa ramukan ƙawanya ta tarar. Kada kuma ku rataya masa lambar. Wanda ya same ta a Runduna ta 55 shi ne Kofur Andrew Jackson Smith, wanda shi ma tuta ya ceta a gumurzun Honey Hill ranar 30 ga Nuwamba 1864, kuma sai a Janairu 2001 Shugaba Bill Clinton ya miƙa ta ga zuriyarsa.

Kafin ku sa labarin a iska, ku nemi abu uku ku ajiye a gabanku: takardar yabon da gwamnati ta rubuta, wadda jimla biyu ce kacal kuma tana nan a buɗe ga kowa, da wasiƙar Carney ta 1863, da bayanin Kyaftin Emilio a kan harin. Duk abin da bai fito daga ɗayansu ba, ko daga takardun aikin soja da ke ma'adanar tarihi ta ƙasa a Washington, ku jingina shi ga mai faɗarsa. In minti biyar kaɗai aka ba ku, ku rage yarintarsa da faretin Boston, ku bar bayanin amfanin tuta da dala 7. In kuma kuna neman ranar da za ku sa shirin, 18 ga Yuli ta fi Fabrairu dacewa.

Wassalam.

Naku,
Wasu malaman tarihi